Kukan Motarka da Mma Take Jira

Zuwa ga yayana Rufa'i, a duk ƙasar da kake.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da waɗanda kuke zaune tare. Ni ne Nuhu. Mutanen gidanmu na Kanvili suna gaishe ka, har da matata Sadiya wadda ba ka taɓa gani ba. Mma ba ta ba ni saƙon gaisuwa ba, kuma abin da ya hana ta shi ne ya sa na zauna rubuta maka wannan.

Na san ba ka son a baza maganar gida a waje. Ni ma ba na so. Amma lambarka ta daina shiga tun bayan saƙonka na ƙarshe, wanda ka ce ka haye ruwa lafiya, za ka kira idan ka sami wurin zama. Shekaru sun wuce muna jiran wannan kiran. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani. 'Yan zango babu inda ba su kai ba, wataƙila wani ya karanta ya ce ya san wani dogon mutumin Tamale mai tabo a gira, wanda ba ya iya wuce tsohuwar mota bai tsaya ya leƙa cikinta ba.

Maganar motarka ce, Yaya. Kada ka ce na raina ka da na fara da mota. Ka bari in kai ƙarshe.

Ka tuna yadda ka bar ta. Ja, mai ƙofa biyu, mai fitilun nan da suke buɗewa sama kamar mutum ya farka daga barci, har yaran unguwa suka sa mata suna Mai Ƙifta. Ranar da za ka tafi ka ɗora ta a kan bulo a gindin darbejiyar ƙofar gida, ka cire batir, ka rufe ta da tamfol. Makullin kuwa ba ni ka ba wa ba. Mma ka miƙa wa, ta ƙulle shi a bakin zaninta, ni ina tsaye ina kallo. Ka ce, “Nuhu zai kai ta rami kafin sati.” Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Tamfol ɗin damina biyu kawai ya yi ya yayyage. Kaji suka mayar da kujerar baya wurin ƙwai. Mma kan shanya kuɓewa a kan bonet saboda ƙarfen yana ɗaukar zafi, kuma duk wanda ya zo tayin motar ta kore shi tun bai gama sallama ba.

Daga nan idonta ya fara tafiya. Da farko ta ce hazo take gani, daga baya ta daina bambance ni da Sadiya sai mun yi magana. Bayan ido sai tunani ya bi. Ba wai ta haukace ba ne, kada wani ya kai maka haka. Tana salla, tana sanin ranar Juma'a, tana iya lissafa maka kakanninmu fatake da suka zo da goro tun daga na farko. Amma abin da ya faru jiya sai ya zame mata, na shekaru ashirin kuma ya dawo kamar yau aka yi shi. Ta daina fita tsakar gida sai an riƙe hannunta.

A wannan lokacin ne na roƙe ta makullin. Na ce mata mota in ba a tayar da ita mutuwa take yi, kuma in ka dawo ka tarar da gawa ni za ka kama. Wannan ce ta sa ta kwance bakin zanin. Ba zan ɓoye maka ba, ba don kai na yi ba. Tun ina yaro kana aikena wanke tayoyinta nake son motar nan, kuma kai ka sani, shi ya sa ba ka taɓa barina na zauna a gaban sitiyari ba ko tana kashe.

Masta Dauda, fitan nan na Aboabo, bakaniken da kake kai masa ita, yana nan da ransa, sai dai furfura. Da muka ja ta zuwa garejinsa ya zagaya ta, ya buga bonet da tafin hannu ya ce, “Motan nan ya tsufa, amma zuciya nashi yaro ne.” Ɓeraye sun cinye waya, lagireto ya ruɓe, kuloci ya manne. Ni ina shagon ɗinki da rana, in na tashi in wuce gareji in tsuguna kusa da shi har hannuna ya yi baƙi. Sadiya takan ce ta auri tela ta wayi gari da yaron fita.

Ranar da injin ya tashi na ji kukan da na manta na sani. Ka tuna salansarka, mai tsaga a ciki, wadda ka ɗaure da waya. In an taka totur sai ta yi gurnani, in an ɗaga ƙafa sai ta biyo da wani kar-kar-kar kamar tsoho na gyaran murya. Masta ya ce a canza ta, na ce a bari tukuna, sauran aikin ya fi gaggawa.

Na shigo da ita layinmu bayan la'asar. Na tsaya a gindin darbejiya, kuma kafin in kashe sai ƙafata ta yi abin da na ga kana yi duk yarintata: na taka totur sau biyu, sannan na murɗa makulli. Kai ka ce ana yin haka ne don a bar mai a kafireto saboda tashin safe. Masta ya ce ƙona mai ne kawai, amma shi ma haka yake yi, duk tsofaffin direbobin garin nan haka suke yi.

Ban gama fitowa ba na ga Mma a bakin zaure. Ita kaɗai, Yaya. Babu mai riƙe da ita, babu takalmi, hannunta ɗaya a jikin bango, tana kiran sunanka. Sadiya na biye da ita da ludayi a hannu, ta rasa abin yi. Mma ta laluba fuskata, ta shafa kafaɗata, ta ce na yi ƙiba, ashe can ana cin abinci. Ta ce, “Ku zuba mishi tuwo, ya sha hanya.” Na buɗe baki in ce Nuhu ne, Sadiya ta girgiza mini kai.

Ranar Mma ta cinye tuwonta tas, har ta nemi ƙarin miya. Mun daɗe ba mu ga haka ba.

To haka muka zauna. Da safe in na hau babur zan tafi shago, ni ne Nuhu, ta ce in sayo mata goro kuma kada in yi gudu. Da yamma in na biya gareji na ɗauko motar na taka sau biyu a ƙofar gida, ni ne kai. Da dare in ta yi barci sai in mayar da motar gareji in ɗauko babur ɗina. Ba na yawan magana don kada muryata ta tona ni. In zauna a tabarma kusa da ita, ta riƙe hannuna ta yi ta ba ka labarin abin da ya faru bayanka. Har ƙarata take kawo maka. Ta ce ka riƙa sa ido a kan ƙanenka, kansa rawa yake yi, abin da ya gani a hannun wani shi yake so. Na zauna na saurari wannan da kunnena, na ce to. Wani lokacin dariya takan kusa ƙwace mini, wani lokacin kuma in tashi in shiga ɗaki in daɗe ban fito ba. Ban taɓa sanin yadda take maka magana ba sai da na zama kai. Ni ba ta taɓa riƙe hannuna haka ba.

Na tambayi limamin masallacinmu. Ya ce ƙarya ga mahaifiya ba ƙaramin abu ba ne, amma shi ba zai ce in je in kashe mata zuciya ba, in yi ta istigfari. Na fito daga wurinsa yadda na shiga.

Ana cikin haka ni kuma ina ta aikina a kan motar, don yanzu a raina ta zama tawa. Na sake mata fenti, ja mai duhu fiye da naka. Na sa an rage mata tsawo har ta kusa shafar ƙasa, na sa tayoyi masu faɗi, na cire babban sitiyarinka na sa ƙarami. Kujerun da kaji suka ɓata ni na ɗinke su da hannuna, baƙar fata da jan zare, kuma ko kai ka gani sai ka yaba.

Kada ka tambaye ni yadda nake fama da tudun da aka jera a titunan garin nan don rage gudu. Kowane ɗaya sai na karkace na hau shi a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya, masu yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, na bayana suna danna oda, mata a kan babur suna wuce ni suna dariya. Wata rana wata mai sayar da wace, shinkafa da waken nan, ta ce in ɗauki motar a ka mana in tsallake da ita. In ruwa ya sauka kuwa layinmu ya zama taɓo, sai in bar ta a gareji in dawo da ƙafa.

Amma ranar Lahadi da safe, in na fita hanyar Savelugu kafin manyan motoci su cika ta, in na sa giya ta huɗu na ji ta kwanta a kan kwalta, iska na shigowa ta taga, gonaki na wucewa kore shar, wallahi babu abin da nake tunawa. Ba na tuna shago, ba na tuna ido ko asibiti, ba na tuna kai. Awa ɗayan nan ce kaɗai nake zama Nuhu ba tare da kowa ya kwatanta ni da wani ba. Yanzu na gane abin da ya sa kake dawowa daga hanyar nan kana fito.

Abu ɗaya ya rage da yake ci mini rai, salansar. Mota ta yi kyau haka, amma in ta yi kuka sai ka ce injin niƙa. Akwai samari masu irin waɗannan motoci da muke haɗuwa wani lokaci, sukan zolaye ni su ce na sa wa tsohuwa kayan amarya na bar ta da tari. Da aka kawo wata sabuwar salansa daga Kumasi, mai faɗin baki, tana walƙiya, ban yi dogon tunani ba. A zatona takun nan biyu ne Mma take ganewa. Ban san kunnenta ya wuce nan ba. Masta ya yanke tsohuwar ya jefar bayan gareji, ya yi waldar sabuwar, na taho gida ina jin kaina, duk layin ana leƙowa.

Na taka sau biyu na kashe. Babu wanda ya fito. Da na shiga na same ta a ɗaki ta toshe kunne da mayafi, tana tambayar wane marar tarbiyya ne yake wannan haukan a ƙofar gidan mutane.

Washegari tun azahar ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure. Duk abin hawan da ya shigo layi sai ta ɗaga kai, in ya wuce ta sauke. Da na dawo na zauna kusa da ita na kama hannunta yadda muka saba, ta zare ta ce, “Nuhu, yayanka bai dawo ba?” Na ce yana hanya. Bayan kwana kaɗan ta daina tambaya. Ta ce wa Sadiya ka sake tafiya, wannan karon ko sallama ba ka yi mata ba, ko me ta yi maka oho.

Tafiyarka ta farko ta yi kuka ta share hawaye ta ci gaba da harkarta. Wannan ta biyun, wadda ba kai ka yi ba, ita ce ta kwantar da ita. Koko take sha, shi ma rabin kofi. Zoben hannunta ya fara zamewa. A asibiti sun duba sun ce ba su ga wani sabon ciwo ba, a lallashe ta ta riƙa ci. Sadiya ba mai faɗa ba ce, amma ranar da muka dawo ta tsaya a kaina ta ce in je in dawo da abin da na cire, ko in nemo shi a cikin bola.

Na koma gareji da gudu. Masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun kwashe tun washegarin ranar da aka cire ta. Na bi su har inda suke tarawa, na hau tulin ƙarfe cikin rana ina jujjuya ruɓaɓɓun salansa kamar mai neman ɗan kunne, suka ce lodin ya tafi kudu.

Sai muka koma ƙoƙarin ƙirƙiro ta. Ka yi tunanin Masta Dauda, mutumin da ya shekara talatin yana toshe ɓula, yau an sa shi ya sami lafiyayyar salansa ya huda ta da gangan. Ya ce, “Ni gyara na koya, ban koyi ɓatawa ba.” Duk da haka ya yi. Muka samo irin taka, ya tsaga ta, muka kwance ƙarfen da ke riƙe ta muka ɗaure da waya. A kunnena ta yi daidai. Na zo na taka sau biyu. Mma ta ɗaga kai, ta karkata kunne, ta daɗe a haka, sannan ta ce ba shi ba ne. Muka faɗaɗa tsagar. Muka matsar da ita gaba. Muka sassauta wayar, muka ƙara ta. Maƙwabta sun gaji da ni, wasu sun ɗauka aljanu ne suka shige ni, kullum mutum ya zo ƙofar gidansu ya yi vum-vum ya zauna cikin mota yana kallon zaure. Kowane karo amsarta ɗaya ce, daga baya ma ta daina ɗaga kan.

Ina jin haushinka, Yaya, gara in faɗa. Ni na cire salansa, na sani, kuma ba na neman wanda zan ɗora wa. Amma me ya sa tun farko uwa za ta koma neman ɗanta a cikin kukan ƙarfe? Ni ne nake kai ta asibiti, ni nake sayo maganin ido, matata ce take mata wanka, amma abincin da ta ci da daɗi a shekarun nan da sunanka ta ci shi. In kana raye kana cin abinci kana barci ba ka kira ba, ban san abin da zan ce maka ba. In kuma wani abu ne ya same ka, Allah ya yafe mini wannan maganar. Kullum tsakanin waɗannan biyun nake kwana.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko, ta ce a kai ta wurin motar. Ni da Sadiya muka riƙe ta. Motar ta yi ƙasa da yawa ga gwiwarta, da ƙyar muka zaunar da ita a kujerar gefen direba, inda takan zauna in za ka kai ta biki Sagnarigu. Ta fara lalube. Ta shafa kujera ta ce wannan ba ita ba ce. Ta miƙa hannu ta kama sitiyari ta ce na Rufa'i ya fi wannan girma. Ta shaƙi iska ta ce ko warinsa babu. Ta juyo inda take jin numfashina ta tambaye ni ina na kai motar yayana. Na tsaya a bakin ƙofa, na san duk abin da hannunta ya taɓa ni na canza shi, kuma da alfahari na canza.

Sai hannunta ya faɗa kan igiyar nan. Ka tuna mariƙin ƙofar gefen da ya karye, ka ɗaura shuɗiyar igiyar shanya ana ja ƙofa ta buɗe. Na nemi mariƙin har Kumasi ban samu ba, shi ya sa kawai na bar ta, kuma kullum kunyarta nake ji in wani ya shiga. Mma ta bi ta da yatsa har ta kai ƙullin. Ta ce wannan ɗaurinka ne, kai kaɗai kake ƙulli baibai tun kana yaro. Ta naɗe igiyar a hannunta, muka tsaya muna jiranta har inuwar darbejiya ta bar kan motar.

Da za ta fito ta buɗe tafin hannu ta ce in ba ta makullin. Na ba ta. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta ce kada wanda ya sake tayar da motar nan sai mai ita ya zo.

Jiya na mayar da ita kan bulo, na cire batir, na sayo sabon tamfol. Na koma kan babur ɗina. Ba zan ce maka bai yi mini ciwo ba, na fi shekara ina zuba raina a cikinta, kuma ranar Lahadi ban san inda zan sa kaina ba. Amma wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi shi ne yanzu ba ni da wata hanya da zan kawo mata kai. Dabarata ta ƙare. Yau da safe cokali uku ta sha ta ture kofin.

Yaya Rufa'i, ɗan'uwana, in kunya ce ta riƙe ka don ba ka samu abin da ka je nema ba, wallahi babu mai tambayarka ko tsinke. In takarda ce ta hana ka zuwa, ba sai ka zo ba. Lambata ba ta canza ba, ita ce dai wadda ka sani. Ka ari wayar wani ka kira bayan la'asar, lokacin tana zaure. Ba sai ka yi bayani ba, ba sai ka gaishe ni ba. Ka ce “Mma” kawai. Kunnen da ya gane tsagar salansa ba zai ɓata muryarka ba.

Wanda kuma ya karanta wannan ya san inda yake, don Allah ya kai masa. In labarin da kuke da shi ba mai daɗi ba ne, ku faɗa mini ni kaɗai, zan san yadda zan ɗauka.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya rufa maka asiri, ya buɗe maka hanya. Allah ya ba Mma lafiya, ya ara mata kwana har ta ji ka. Allah ya yafe mini yammacin da na amsa sunan da ba nawa ba. Amin.

Motarka na nan a gindin darbejiya. Na canza mata kusan komai, in ka zo ka yi faɗanka, zan tsaya in ji. Igiyar dai ban taɓa ba.

Naka ƙane,
Nuhu,
Kanvili, Tamale.